Farata Goma Babu Lalle

Salamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar shafin nan. Shekaranjiya wata baiwar Allah ta rubuto mini, ta ce, "Sa'adiyya, ke da kike yi wa amaren Azare ƙunshi, me ya sa ba mu taɓa ganin naki hannun a hoto ba?" Na karanta, na kife wayar, na je na share tsakar gidan da na riga na share. To yau dai zan ba ki amsa. Sauran ku ma ku matso.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata ashirin da huɗu, a unguwar Matsango nake zaune da Innata, mu biyu tun rasuwar Baba. Ƙunshi ne sana'ata tun ina sakandare. Kuma ina da ciwo a faratana.

Abin ya fara ne kamar amosanin ka, wanda duk man da aka shafa ba ya ji. Daga baya wani farin tabo mai ɓawo ya fito mini a gwiwar hannu. Sai ya sauko farce. Wani ya yi ƙananan ramuka kamar an caccaka shi da tsinin allura, wani ya ɗago daga jikin nama, wani farin gari kamar alli ya taru a ƙarƙashinsa. Na babban yatsan hagu kuwa marmashewa yake yi da kansa. Wani mai kemis ya ce ɗan uwan makero ne, mai maganin gargajiya ya ce sanyi ne. Ranar wani suna, wata maƙwabciyarmu ta dubi hannuna a bakin kwanon shinkafa, ta janye nata, ta ce a hankali, "Allah dai ya sa ba kuturta ba ce."

Har yau Inna ba ta ƙara taka gidan matar nan ba. Ni kuma daga ranar na shiga lalle. Duk sati biyu sai na maimaita, ja a kan ja, har ya koma kamar baƙi. Shekara biyar babu mahalukin da ya ga ainihin farcena, har da ni kaina.

A cikin haka Uzairu ya shigo. Malamin dabbobi ne, ɗan Bulkachuwa, dogo, ba ya da yawan magana sai in ya samu abin tsokana. Ƙanwarsa ya kawo ƙunshin biki a bayan babur, ya ce zai dawo bayan awa biyu. Bayan minti ashirin sai ga sallamarsa a zaure da zoɓo mai sanyi, wai ya tuna ana rana. Ƙanwar ta kalle ni ta ce, "Tun da nake da Hamma bai taɓa saya mini zoɓo ba." Daga nan kun san sauran.

Abin da ya kai ni asibiti shi ne farcen manuniyata ta dama, wadda nake matsa ledar lalle da ita. Ya ɗago har rabi, in ya taɓa abu sai na ji har tsakar kaina. A babban asibiti aka tura ni ɗakin likitar fata, Dakta Ya Fanna, wata 'yar Barebari gajera mai tabarau, ƙamshin humrarta ya cika ofis. Ta duba kaina, ta duba gwiwar hannuna, ta sa na rufe ido ta shafa mini auduga a kan tabon.

"Kin ji?"

"Na ji."

"To ki cire kuturta daga ranki. Tabon kuturta ba ya jin auduga. Wannan sunansa soriyasis. Jiki ne yake gaggawar yin sabuwar fata tun tsohuwar ba ta tafi ba. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a musabaha. Ba ya warkewa ɗungurungum, amma ana lallaɓa shi ya kwanta."

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ta miƙo mini tishu, ta jawo hannuna ƙarƙashin fitila, sai ta yi tsaki.

"Wa ya yi miki wannan lallen?"

"Ni na yi."

"Ya yi kyau, kuma ya ɓata mini aiki. Ina so in auna tsananin abin a farce, ga shi kin rufe mini ƙofa kin sa kwaɗo. Lallen farce ba ya wankuwa, sai dai farcen ya tsiro ya ture shi. Wata biyar, ko shida. Daga yau ki yi ƙunshinki a tafin hannu in kina so, amma farce nawa ne."

Ta ɗan kankari garin ƙarƙashin farcen aka kai gwaji, don ta tabbatar ba irin cutar makero ba ce ta haɗu da shi. Ta ba ni man shafawa, ta ce in riƙa yanke su gajeru, in daina sa tsinke ina ƙwaƙule ƙarƙashi, in sa safar roba in zan yi wanki.

Jama'a, wata biyar ɗin nan na ga tasku. Kullum lallen yana hawa sama, abin da na binne yana fitowa daga ƙasa. Na sayi hijabi mai dogon hannu har guda uku. In Uzairu ya zo zance bayan la'asar, sai in zauna a kan darduma a zaure, hannayena dunƙule cikin hijabi kamar mai jin sanyi. Ruwa ma a faranti nake turo masa da gefen hannu. Wata rana ya ce, "Ranki ya daɗe, ko Islamiyya ce ta ƙara karatu?" Na yi dariya, amma da na shiga ɗaki sai da na yi kuka.

Ranar da na koma, Dakta Ya Fanna ta shimfiɗa hannayena a kan farar takarda, ta ɗauki hoton kowanne da wayarta. Sannan ta ɗauko wata takarda mai zanen farata goma.

"Ki kalla da kyau, don ke ma ki iya. Kowane farce zan raba shi gida huɗu, layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Sau biyu zan duba shi. Dubawar farko, abin da ya taso daga saiwa, inda farcen yake tsirowa: ramukan nan, fararen ɗigo, jan ɗigo a farin da ke gindin farce, ko marmashewa. Duk gidan da na ga ɗaya daga cikinsu, maki ɗaya. Dubawa ta biyu, abin da ke kwance a ƙarƙashi: ɗagowa, garin allin nan, tabo mai kamar ɗigon man gyaɗa, ko siririn layin jini kamar sartse. Shi ma kowane gida maki ɗaya. Kin ga farce guda zai iya kai takwas. Goma kuma?"

"Tamanin."

"Ashe Fulani sun iya lissafin abin da ba shanu ba."

Na ce, "Dakta, ai mu muka koya wa Barebari." Ta yi dariya har tabaranta ya zamo.

Ta fara. "Ramuka a gida uku. Ɗagowa a gida biyu. Biyar." Ta rubuta. Babban yatsan hagu ya ci takwas cif, ko gida ɗaya bai bari ba. Na tsakiya bakwai. Da muka zo kan ƙaramin yatsan dama ta juya shi, ta sake juyawa, ta kawo madubin ƙara girma. "Sifili," ta ce. "Wannan bai san abin da ake ciki a gidan ba."

Jimla arba'in da huɗu.

Na ce, "Na ci ko na faɗi?"

"Wannan jarrabawar sifili ake nema a cikinta. Arba'in da huɗu ba kaɗan ba ne, amma yanzu mun san inda muke tsaye. Bayan wata uku zan sake ƙirgawa. In ya sauka, man yana aiki. In bai sauka ba, mu koma ƙwaya ko allura. Shi ya sa ba na son ganin ko ɗigon lalle a kansu." Ta matsa mini gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni ko suna sandarewa da safe, domin wani lokaci ciwon yana shiga gaɓa. Na ce a'a. Sai ta ajiye biro ta dube ni. "Akwai abin da takardar nan ba ta aunawa. Ba ta san ko kina iya aikinki ba. Ba ta san mutum nawa kike ɓoye wa hannu ba. Wannan ke za ki faɗa mini."

Na sunkuyar da kai na ce, "Mutum ɗaya ne ya rage."

"To shi ma aiki ne, kuma ba ni da maganinsa."

A cikin adaidaita, kafin mu kai gida, na buɗe hoton da ta turo mini, wanda ta ja wa layukan. Na tura wa Uzairu. Na rubuta: "Wannan ne hannuna. Sunan ciwon soriyasis, ba a ɗauka. Likita ta auna, arba'in da huɗu cikin tamanin. In ka ga ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka a rai ba."

Alama ta nuna ya buɗe. Shiru. Minti goma sha ɗaya, na ƙirga su. Har na sauka, na shiga gida, na zauna a bakin gado da hijabina ban cire ba. Sai wayar ta yi ƙara.

"Yana miki zafi?"

"Wani lokaci."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyar."

"Na lura tun ranar da kika miƙo mini kofin kunun aya. Lalle yana rufe launi, ba ya rufe rami. Na ce in kin shirya za ki faɗa."

Na sake karantawa. Sai ga wani saƙon.

"Ƙaramin nan na dama nawa ya ci?"

"Sifili."

"To shi ne ɗan lelen gidan. A gaishe shi. Sa'adiyya, ni da nake wuni ina ɗaga kofaton shanu ina leƙa ƙarƙashi, farce ne zai kore ni?"

"Au, saniya ka mai da ni?"

"A bakin Bafulatani akwai yabon da ya wuce wannan?"

Ina dariya ina share majina Inna ta leƙo ta ce, "Ke lafiyarki kuwa?"

Bayan sati shida ya sanar da ni Goggo Dijatu za ta zo ranar Asabar. Ita ce yayar babansa, ita ta raine shi tun yana shekara uku, kuma sai ta gan ni ta amince kafin maza su je wurin Kawu Saleh neman aure. Ya ce, "Ban gaya mata komai ba. Maganarki ce, ba tawa ba."

Ranar Alhamis da hantsi na fito na tarar da Inna a gindin darbejiyar tsakar gida, ta tankaɗe lalle, ta kwaɓa shi da lemun tsami, ta yayyanka leda.

"Zo ki zauna."

"Inna, likita ta hana."

"Likita ce za ta aure ki? Tsohuwar Bafulatana ce za ta zo, irin masu ganin kaska a jikin saniya daga nesa. Ta ga hannun nan, ta koma Bulkachuwa ta furta kalmar nan sau ɗaya, shi ke nan. Magana zarar bunu ce. Ni na san abin da na ji a gidan sunan nan."

"In na rufe yau, ranar da aka kai ni gidansu fa? In yi ta rufewa har in mutu?"

"A ɗaura tukuna."

"Inna, wata shida da rabi na yi ina haƙuri. In na sa yau, likita ba za ta iya ƙirgawa ba, ba za a san ko maganin yana ci ba. Kuma wallahi na gaji. Na gaji da dunƙule hannu."

Ta ci gaba da juya lallen da cokali. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙin maƙwabta ne. Can ta ce, "Miƙo."

Na noƙe.

"Miƙo, na ce. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Na miƙa. Ta zana mini lallen a tafin hannu, irin na da, dunƙulen wata a tsakiya. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana kaiwa gaɓar ƙarshe sai ta tsaya, ta goge gefen da tsinke don kada ya taɓa farce. Da ya kama aka wanke, ita da kanta ta ɗauko man asibitin ta shafa a gindin kowanne. Da ta zo kan babban yatsan hagu ta ce, "Kai kuma sarkin taurin kai, irin na ubanta." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Asabar kafin azahar suka iso. Uzairu ya sauke ta a ƙofar gida ya wuce, wai yana da allurar awaki. Na san ƙarya ce, gudu ya yi. Goggo Dijatu doguwa ce siririya, da baƙin zane saƙi da farin mayafi, ta zo da ƙwaryar kindirmo da man shanu a kwalba. Ni kuma atamfata ruwan goro na sa, ɗinkin riga da siket, da ƙaramin gyale. Babu hijabi. Inna ta turare falon har sai da na yi tari.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice tana kallona tun daga ɗankwali. Na zuba ruwa a kofi. Zuciyata tana cewa ki ajiye a faranti ki tura, sai na ce a'a. Na ɗauka da hannu biyu na miƙa mata.

Ba ta karɓi kofin ba. Idonta ya tsaya a kan faratana. Inna ta fara zancen damina da ƙarfi, ba wanda ya amsa mata. Goggo ta karɓi kofin ta ajiye a ƙasa, ta kama hannuna na hagu ta juya shi wajen hasken ƙofa.

A nan na ga nata hannun. Lalle ne ja wur har ya yi baƙi, ja a kan ja, irin wanda na sani. Ban yi niyya ba wallahi, idona ne ya saba. Na raba farcen babban yatsanta gida huɗu. Ramuka a gida uku. Bakinsa ya ɗago, ya yi kauri. Na duba na kusa da shi, haka. Na ɗago kai, ta ga na gani.

Ta ce wa Inna, "Hajiya, a ɗan ba mu wuri."

Inna ta fita tana waiwaye. Goggo ba ta saki hannuna ba.

"'Yata, yana da suna?"

Na faɗa mata. Ta gwada maimaitawa, harshenta ya kasa, ta yi ɗan murmushi. Na ce ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, akwai likitar da take raba farce gida huɗu ta ƙirga, ta ba da magani, ta sake ƙirgawa. Ta sa na nuna mata yadda ake yi a kan nawa. Na nuna, gida gida, tana gyaɗa kai kamar ɗaliba.

"Baffanmu da ya haife mu yana da shi a ƙwauri," ta ce. "Har ya rasu kwanonsa daban, buzunsa daban. Da nawa ya fito ina amarya, sai na shiga lalle. Shekara arba'in. Mijina Malam ya koma ga Allah bai taɓa ganin farcena ba. Uzairu ma da na goya bai sani ba." Ta shafa babban yatsana da nata. "Ke kuma kika miƙo mini ruwa da shi a buɗe. Wa ya ba ki wannan zuciyar?"

Na ce, "Goggo, a tsorace na miƙo."

"Na gani. Amma kin miƙo."

Ta ce in kai ta wurin likitar, ita ma a ƙirga nata. Na ce sai ta bar lalle wata biyar tukuna. Ta dubi hannunta ta daɗe, ta ce, "Wata biyar. To Allah ya ba mu rai." Har na fara jin sanyi a raina, sai ta gyara zama, fuskarta ta canja.

"Ina sonki, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki saurare ni. Abin nan ya bi Baffa ya zo kaina, jini yake bi. Yana gidanku, yana gidanmu. In kun haɗu, 'ya'yan fa? Na ga yadda aka ware wa mahaifina kwano, ba zan so in ga an ware wa jikana ba. Yaushe likitar take zama?"

"Laraba."

"Laraba zan zo, in tambaye ta da bakina. Abin da ta faɗa, shi zai sa in tura maza wurin kawunki ko in dakatar da su. Kuma ki riƙe mini amana, kada Uzairu ya ji zancen hannuna daga bakinki."

Ta sha ruwan nan tas, daga kofin da na riƙe, ta kira Inna aka ci gaba da hira kamar ba a yi komai ba. Da za ta tafi ta sa mini albarka har sau uku.

Bayan la'asar saƙonsa ya shigo. "Yaya kuka yi? Goggo ta ƙi ce mini komai. Tun daga Azare har gida ko tari ba ta yi ba."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Mutumin da ya jira ni shekara guda in faɗa masa gaskiya da kaina, yau ga ni da wata gaskiyar a hannu, kuma ba tawa ba ce balle in bayar. Daga ƙarshe na tura masa: "Ranar Laraba ka ɗauko Goggo da sassafe, ka kawo ta gidanmu."

Nan take ya amsa. "Ina za ku?"

Wayar tana nan a cinyata yanzu haka da nake muku rubutun nan. Ya ƙara turo alamar tambaya sau biyu, ban buɗe ba.